Yadda ƙwallo ke mutuwa da yadda agogo ke ci a mintunan ƙarshe na ƙwallon Amurka

A daren 12 ga Fabrairun 2023, a wasan Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin ƙwallon Amurka, da aka buga a Glendale ta jihar Arizona, Kansas City Chiefs da Philadelphia Eagles suna kunnen doki, maki 35 da 35, saura ƙasa da minti biyu a tashi. Aka miƙa wa Jerick McKinnon na Chiefs ƙwallo, ya ɗiba da gudu, ya tarar da hanya fetal. 'Yan Eagles ma da gangan suka buɗe masa. Ga maki shida nan a gabansa, a wasan da kowane yaro mai buga wannan ƙwallo a Amurka yake mafarkin ya ci a cikinsa. Yana isa yadi biyu da layin ci, sai ya zame ya zauna a ƙasa.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa irin wadda muke kallo a gidan kallo zai ce ko dai yaron nan ya zare, ko kuwa an saye shi. Alhali zaman da ya yi shi ya kawo wa ƙungiyarsa kofi. Eagles suka ƙona damarsu ta ƙarshe ta tsaida agogo, Patrick Mahomes, jagoran harin Chiefs, ya durƙusa da ƙwallo sau biyu lokaci na ta zurarewa, sannan Harrison Butker ya buga ƙwallo ta tsakanin turaku ya samo maki uku, saura sakan 8. Aka tashi 38 da 35. Da McKinnon ya shiga, da ƙwallo ta koma hannun Jalen Hurts, jagoran harin Eagles, da fiye da minti ɗaya da rabi, shi kuwa a daren nan ba a iya tare shi.

Kafin mutum ya gane wannan lissafi, sai ya san yadda aka gina wasan. A gasar ƙwararru ta NFL ana buga minti 60, an kasa shi zango huɗu, kowanne minti 15. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da yunƙuri huɗu ta ci yadi goma. In ta ci, a sabunta mata huɗun. In ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Kowane yunƙuri yana farawa ne idan ɗan tsakiya ya ɗaga ƙwallo daga ƙasa ya miƙa ta baya ga kwatabak, wato mai jagorantar hari, ya kuma ƙare idan ƙwallo ta mutu. Tsakanin nan da can 'yan sakanni ne. A 2010 jaridar Wall Street Journal ta auna wasanni, ta samu cewa lokacin da ƙwallo take raye a wasa guda bai wuce kimanin minti 11 ba. Ke nan akasarin minti 60 ɗin ana cinye su ne ƙwallo na ajiye a ƙasa, 'yan wasa na tsaye suna shawara. Wanda ya iya sarrafa wannan lokaci na tsakani shi ke da wuƙa da nama a ƙarshen wasa.

Ƙwallo tana mutuwa ta hanyoyi da dama. Idan aka kayar da mai ɗauke da ita, ta mutu. Idan aka tare shi ƙyam ba ya gaba, alƙali ya busa usur, ta mutu ko bai faɗi ba. Haka idan ya taka layin gefe, ko aka jefa ta gaba ta faɗi ƙasa ba wanda ya cafe. Sannan ɗan wasa yana iya kashe ta da kansa: ya durƙusa, ko ya zame ƙafafu a gaba, alamar ya sallama. Akwai ɗan bambanci tsakanin NFL da wasan jami'o'i. A NFL, wanda ya faɗi ba tare da abokin karawa ya taɓa shi ba yana iya miƙewa ya ci gaba da gudu. A jami'a kuwa gwiwa na taɓa ƙasa an gama.

Usur ɗin alƙali ma kisa ne, ko da bisa kuskure ya busa. A Satumban 2008, Denver Broncos na bayan San Diego Chargers a mintunan ƙarshe, ƙwallo ta suɓuce daga hannun Jay Cutler na Broncos, ɗan Chargers ya ɗauke. Amma alƙali Ed Hochuli ya riga ya busa, a zatonsa jifa ce da ba a cafe ba. Bidiyo ya nuna suɓucewa ce ƙarara, sai dai dokar lokacin ta ce abin da ya faru bayan usur kamar bai faru ba. Broncos suka ci gaba da riƙe ƙwallo, suka ci wasan 39 da 38. Hochuli ya amsa kuskurensa, a shekarar da ta biyo baya aka gyara dokar yadda bidiyo zai iya ba wa wanda ya ɗauke ƙwallon a fili.

Mutuwa mai tsaida agogo da mai barin sa

Ga inda gizo ke saƙa. Ba kowace mutuwar ƙwallo ke tsaida babban agogo ba. Idan aka kayar da mutum a cikin fili, ƙwallo ta mutu amma agogo na tafiya. Idan jifa ce ta faɗi ƙasa, ƙwallo ta mutu, agogo ma ya tsaya har sai an sake ɗaga ta. Fita ta layin gefe tana da fuska biyu: a yawancin wasa agogo kan ɗan tsaya, da zarar alƙalai sun ajiye ƙwallo a mazauninta ya ci gaba, amma a minti biyun ƙarshe na rabin farko da minti biyar ɗin ƙarshe na wasa, tsayawa yake yi sai an ɗaga ƙwallo. Cin maki da sauyin hannu su ma suna tsaida shi. Akwai kuma gargaɗin minti biyu, inda alƙalai da kansu suke tsaida agogo idan ya rage minti biyu a kowane rabi. Sai taimawut, wato damar da koci ko ɗan wasa yake da ita ta neman a tsaida agogo, sau uku ga kowace ƙungiya a kowane rabi.

A gefe kuma akwai ƙaramin agogo mai ƙirga sakan 40 daga mutuwar ƙwallo. Kafin ya ƙare dole a sake ɗaga ta, in ba haka ba a ci tarar yadi biyar. Bayan taimawut ko hukunci ko makamancinsu, sakan 25 yake bayarwa.

Haɗa waɗannan biyun, sai lissafin ya fito. Mai nasara yana so ƙwallo ta mutu a cikin fili, ya jira ƙaramin agogo ya kusa ƙarewa, ya sake. Wanda yake baya yana so ta mutu a waje ko a jifa. Ƙungiyar da ke gaba, tana da sabon yunƙuri huɗu bayan gargaɗin minti biyu, abokan karawa kuma ba su da taimawut ko ɗaya, to wasa ya ƙare tun ba a busa ba. Durƙuson farko ya kai agogo wajen minti ɗaya da sakan 18, na biyu ya sauko da shi ƙasa da sakan 40, na uku kuwa ana yin sa kowa ya kama hanyar gaisawa, don ƙaramin agogo ba zai ƙare kafin babba ba. Kowane taimawut da masu tsaro suka rage yana ƙwato musu kusan sakan 40 daga wannan lissafi. Shi ya sa kocin da ya san aikinsa, idan yana baya, yakan kashe taimawut ɗinsa tun ƙwallo na hannun abokan karawa. A can ne kowanne ke sayo sakan 40. Idan ƙwallo na hannunka kai ne mai saurin ɗaga ta, abin da taimawut zai cece maka bai kai rabin haka ba.

Durƙuson nan da ake gani kamar ba komai ba, da hawaye aka koye shi. Ranar 19 ga Nuwamban 1978, New York Giants na gaban Philadelphia Eagles da 17 da 12, saura kusan rabin minti, Eagles ba su da taimawut. A wancan zamani koci da yawa suna ganin durƙusawa ragwanci ne. Sai mai tsara harin Giants, Bob Gibson, ya ba da umarni kwatabak Joe Pisarcik ya miƙa wa Larry Csonka ƙwallo ya yi gudu da ita. Miƙawar ba ta yi kyau ba, ƙwallo ta faɗi, Herman Edwards na Eagles ya sure ta ya yi gudun yadi 26 ya shiga gida, wato ya tsallaka layin ci. Aka tashi 19 da 17. Washegari aka sallami Gibson, bai sake aiki a NFL ba. Daga nan ƙungiyoyi suka fito da jerin da ake gani yau: 'yan wasa su dunƙule kewaye da kwatabak, a ajiye mutum ɗaya can baya don ko ta suɓuce.

Sai ka ce darasin ya zauna. Ina! A Oktoban 2023, jami'ar Miami na gaban Georgia Tech da 20 da 17, saura ƙasa da sakan 40, Georgia Tech ba ta da taimawut. Durƙuso ɗaya tak ake buƙata. Koci Mario Cristobal ya bar aka yi gudu da ƙwallo, ta suɓuce, Georgia Tech ta ɗauka, Haynes King ya yi jifan yadi 44 aka ci su 23 da 20. A ganina wannan ya fi na 1978 muni nesa ba kusa ba, domin Gibson bai da labarin wani Gibson da zai tsorata shi.

Akwai kuma masu ganin cewa tunda an ɗaga ƙwallo, a raye take, ko da durƙuso ne. A 2012 koci Greg Schiano na Tampa Bay ya sa 'yan wasansa suka afka wa jerin Giants a durƙuson ƙarshe, har kwatabak Eli Manning ya faɗi, kocin Giants Tom Coughlin ya tare Schiano a tsakiyar fili da faɗa. Doka tana bayan Schiano, al'adar wasan kuwa ba ta bayansa.

Idan cin maki ya zama asara

Cin maki yana tsaida agogo, ya kuma mayar wa abokan karawa ƙwallo. Wannan ne ya haifar da abin da ya fi ba baƙon kallo mamaki: masu tsaro suna roƙon a ci su, masu hari suna ƙin ci. A Super Bowl na Fabrairun 2012 a Indianapolis, New England Patriots na gaba da 17 da 15, amma Giants sun iso yadi shida da gida, saura minti ɗaya da 'yan sakanni. Kocin Patriots Bill Belichick ya duba ya ga in ya tsaya tsaro, Giants za su cinye lokaci su buga maki uku daga kusa, su bar wa kwatabak ɗinsa Tom Brady abin da bai taka kara ya karya ba. Sai ya sa aka buɗe hanya. Ahmad Bradshaw na Giants ya taho da gudu, ya tuna a makare, ya yi ƙoƙarin tsugunawa a bakin layi, nauyin jikinsa ya rinjaye shi ya faɗa ciki ta baya. Brady ya samu sakan 57. Bai kai ga ci ba, Giants suka ɗauki kofi da 21 da 17, amma ai an ba shi damar da bai kamata ya samu ba.

Wasu ba su tsira ba. A Oktoban 2020 Todd Gurley na Atlanta Falcons ya yi irin wannan faɗawa a gaban Detroit Lions saura minti ɗaya da sakan 4, Lions ba su da taimawut. Kwatabak ɗinsu Matthew Stafford ya ratsa fili ya ci daidai lokacin da agogo ya kai sifiri, 23 da 22. A Satumban 2022 Nick Chubb na Cleveland Browns ya shiga gida saura minti ɗaya da sakan 55, ya kai ƙungiyarsa 30 da 17, New York Jets ba su da taimawut. Da ya zauna a cikin fili bayan ya sabunta yunƙuri, durƙuso uku sun gama magana. Jets suka ci sau biyu a cikin wannan ɗan lokaci, suka tafi da wasan 31 da 30. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji masu iya magana, ko da yake ba na ɗora wa Chubb duka laifin: tazarar maki 13 a ƙasa da minti biyu, masu tsaro ne suka zubar da ita. Amma da ya zauna, da ba a kai ga gwada su ba.

Sakan 14 da suka gaza, sakan 13 da suka isa

Wanda yake baya, ba taimawut, abin da ya rage masa shi ne layin gefe da kuma maka ƙwallo da ƙasa. Doka ta yarda kwatabak ya karɓi ƙwallo hannu da hannu daga ɗan tsakiya ya maka ta da ƙasa nan take, a ɗauke ta a matsayin jifan da ba a cafe ba. Agogo ya tsaya, shi kuma ya yi asarar yunƙuri ɗaya. Amma kafin ya yi haka, sai duk 'yan wasansa sun dawo sun jeru sun tsaya cak, kuma sai alƙali ya ajiye ƙwallo da hannunsa.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya ci Dallas Cowboys ranar 16 ga Janairun 2022, a wasan sili ɗaya ƙwale da San Francisco 49ers. Ana bin su 23 da 17, saura sakan 14, ba taimawut. 'Yan 49ers sun tsare gefe biyu sun bar tsakiya a buɗe, don sun san mutuwar tsakiya ba ta tsaida agogo. Kwatabak ɗin Dallas, Dak Prescott, ya bi tsakiyar da gudu, ya ci yadi 17, ya zame. Maimakon ya miƙa wa alƙali ƙwallo, sai ya ba ɗan tsakiyarsa. Alƙalin ya taho da gudu daga baya, ya yi karo da su, ya taɓa ƙwallo ya gyara mata zama. Kafin Prescott ya maka ta da ƙasa, agogo ya cinye. Magoya bayan Dallas sun yi ta tsine wa alƙali, amma shi aikinsa ya yi. Yadi biyar ɗin ƙarshe da Prescott ya ƙara a gudun nan su suka ci sakannin da yake buƙata.

Mako guda bayan haka, ranar 23 ga wata, Buffalo Bills suka shiga gaban Chiefs da 36 da 33, saura sakan 13. Sakan ɗaya ƙasa da na Dallas, amma Chiefs na riƙe da taimawut ɗinsu. Bills suka buga bugun farawa har can cikin gida, ba a dawo da ita ba, saboda haka ko sakan ɗaya bai tafi ba, domin a bugun farawa agogo ba ya motsi sai an taɓa ƙwallo a cikin fili. Sannan suka ja da baya suna tsaron gefe da nesa, kamar masu karawa da wanda ba shi da taimawut. Mahomes ya jefa wa Tyreek Hill aka ci yadi 19, taimawut. Ya jefa wa Travis Kelce ta tsakiya aka ci yadi 25, taimawut. Butker ya buga daga yadi 49 aka yi kunnen doki, Chiefs suka ci a ƙarin lokaci 42 da 36. Tsaron da ya yi wa 49ers aiki shi ya kashe Bills, bambancin kawai abin da ke aljihun abokin karawa.

Taimawut ɗin da ba a kashe ba kuma ba a tafiya da shi gida. A Nuwamban 2024 Chicago Bears na bayan Lions 23 da 20, aka kayar da kwatabak ɗinsu Caleb Williams saura sakan talatin da 'yan kai, suna da taimawut ɗaya. Koci Matt Eberflus ya tsaya yana kallo, ba a ɗaga ƙwallo ba sai da ya rage sakan shida, jifa ɗaya ta faɗi ƙasa aka tashi. Washegari aka kore shi, karo na farko a tarihin ƙungiyar na sama da shekara 100 da ta sallami babban koci ana tsakiyar kaka.

Ita kanta maka ƙwallo da ƙasa an taɓa yin yaudara da ita. A Nuwamban 1994 Dan Marino na Miami Dolphins ya yi wa kowa alamar zai tsaida agogo, 'yan Jets suka saki jiki, shi kuwa ya jefa wa Mark Ingram a cikin gida.

Laifi da gangan

A nan ne dokar ta fi shan wahala, kuma dalilin ɗaya ne. Hukuncin wasan nan tun asali da yadi ake auna shi: biyar, goma, goma sha biyar. A ƙarshen wasa kuwa yadi ya yi araha, sakan ya yi tsada. Duk inda aka bar ƙofar da mutum zai biya yadi ya sayi sakan, sai an samu kocin da zai shiga ta.

Laifi yana tsaida agogo. Da an bar abin haka, ƙungiyar da ba ta da taimawut sai ta sa ɗan wasanta ya motsa kafin a ɗaga ƙwallo, a ci ta yadi biyar, ta samu tsayawa kyauta. Shi ya sa aka kafa dokar zaftare sakan goma: bayan gargaɗin minti biyu, idan masu riƙe da ƙwallo suka yi laifin da ya tsaida agogo mai tafiya, a ci su yadi, a kuma cire sakan goma, sai fa in suna da taimawut da za su bayar a madadinsa. In abin da ya rage bai kai goma ba, wasa ya ƙare ke nan.

Dokar ta shafi duba bidiyo ma, kuma a nan ne nake da ja. A Satumban 2017, Lions na bayan Falcons 30 da 26, Golden Tate na Lions ya cafe ƙwallo a bakin layi saura sakan 8, alƙalai suka ce ya shiga. Bidiyo ya nuna gwiwarsa ta taɓa ƙasa kafin ƙwallo ta tsallaka. Hujjar doka ita ce, da an yanke daidai tun farko da agogo na tafiya, don haka a zaftare sakan goma. Lions ba su da taimawut, aka tashi wasa a bakin makirufo. Hujjar tana da kai, ban musa ba. Amma kuskuren na alƙalai ne, wanda aka hukunta kuwa ƙungiyar da ba ta yi laifin komai ba, ga ta da ƙwallo ƙasa da yadi ɗaya da gida kuma tana da sauran yunƙuri. Ko sakan 8 za su ishe su su jeru su sake ɗagawa, ba wanda ya ba su damar gwadawa.

Wata ƙa'idar kuma ta ce rabin wasa ba ya ƙarewa a kan laifin masu tsaro. In sun yi laifi a yunƙurin ƙarshe, ana ba masu hari yunƙuri ɗaya agogo na kan sifiri. Da irin wannan ne Aaron Rodgers na Green Bay Packers ya yi jifan yadi 61 ga Richard Rodgers a Disamban 2015, aka ci Lions 27 da 23 bayan lokaci ya ƙare. Laifin masu hari kuwa ba ya tsawaita wasa, kuma koci John Harbaugh na Baltimore Ravens ya karanta wannan da kyau. A Nuwamban 2016 suna gaban Cincinnati Bengals da 19 da 12, saura sakan 11, yunƙuri na huɗu. Ya umarci 'yan wasansa kowa ya rungume na gabansa ya riƙe gam, abin da doka ta hana. Ƙyallayen da alƙalai ke jefawa don nuna laifi suka yi ta tashi sama, mai bugu Sam Koch kuwa yana riƙe da ƙwallo a baya yana ja da baya a hankali har agogo ya ƙare, sannan ya ba Bengals maki biyu kyauta. Aka tashi 19 da 14. A 2017 NFL ta ce duk wanda ya tara laifuffuka a yunƙuri ɗaya don cin lokaci, a ci shi yadi 15, a kuma mayar da agogo inda yake.

Wanda ya fi daɗin labari shi ne na Belichick da tsohon ɗan wasansa. A Oktoban 2019 Patriots na lallasa Jets, wasan da aka tashi 33 da nema, Belichick ya nuna wa duniya wata ɓaraka. A lokacin, kafin minti biyar ɗin ƙarshe, idan masu hari suka yi laifi ƙwallo na mace, bayan hukunci agogo yakan ci gaba da tafiya, a kuma ba su sabon sakan 25. Sai ya bar ƙaramin agogo ya ƙare, aka busa laifi, ya sa wani ya motsa da gangan, aka sake. Kyamara ta kama shi yana murmushi, bayan wasa ma ya faɗa da bakinsa cewa ƙofa ce da ya kamata a rufe, amma dai yanzu a buɗe take. Ranar 4 ga Janairun 2020, a wasan sili ɗaya ƙwale a gidan Patriots, Tennessee Titans na gaba da 14 da 13, saura minti shida da rabi da ɗoriya, za su yi bugun sallama, wato su buga wa abokan karawa ƙwallo can nesa, daga cikin yankin Patriots, inda ja da baya yadi biyar ko goma ƙarin fili ne kawai ga mai bugu. Kocinsu Mike Vrabel, wanda ya ci Super Bowl uku yana ɗan wasa a ƙarƙashin Belichick, ya yi masa karatun da ya koyar: jinkiri, sannan motsi da gangan, bai maimaita laifi ɗaya sau biyu a jere ba don kada hukunci ya yi nauyi. Fiye da minti ɗaya da rabi suka salwanta ba a taɓa ƙwallo ba. Belichick ya yi ta bambami a bakin layi. Wanzami dai ba ya son jarfa. Titans suka ci 20 da 13, wasan Brady na ƙarshe ke nan a rigar Patriots. Kafin kaka ta gaba aka gyara: a zango na huɗu, laifin masu hari kafin ɗaga ƙwallo yana barin agogo a tsaye sai an ɗaga ta.

Ban ga dalilin kiran Harbaugh ko Vrabel maguɗanta ba. Sun yi laifi a bainar jama'a, sun karɓi hukuncin da littafi ya rubuta. In hukuncin ya zama riba, marubuta littafin za a tambaya. Kuma dubi gyare-gyaren da aka yi: zaftare sakan goma, mayar da agogo baya, barin sa a tsaye. Kusan kowanne ya bar awon yadi ya koma awon lokaci.

Wasan jami'o'i ya makara wajen gane wannan. Ranar 12 ga Oktoban 2024 a garin Eugene, Oregon na gaban Ohio State da 32 da 31, saura sakan goma, Ohio State na neman 'yan yadi su isa inda za a iya bugun maki uku. Bayan taimawut, koci Dan Lanning ya tura mutum 12 cikin fili maimakon 11. Da ƙarin mai tsaro aka hana jifan, alƙalai suka ci Oregon yadi biyar, amma sakan huɗun da suka tafi ba a dawo da su ba. Saura shida. Kwatabak Will Howard ya rasa wanda zai jefa wa, ya bi tsakiya da gudu, ya zame don a nemi taimawut ɗin da ya rage musu, sai dai agogo ya riga shi kaiwa sifiri. Cikin 'yan kwanaki hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta fitar da sabuwar fassara: a minti biyun ƙarshe na kowane rabi, idan masu tsaro suka buga da mutum 12, masu hari suna da zaɓin a ba su yadi biyar ɗin, a kuma mayar da agogo daidai inda yake lokacin da aka ɗaga ƙwallo.